Kafin Ka Karɓi Makulli

A Panteka Kawu Tanimu ya tare ni,
hannunsa baƙi ƙirin da man inji:
"Na ji za ka ƙetare, har da hayar mota.

Lasisinmu kaɗai ba ya isa can,
nemi na ƙasa da ƙasa tun kana gida.
Zagaya motar kamar mai sayen rago a Zango,
ko ƙarzanen farce ne, ɗauki hoto.
Takardar inshora, karanta har ƙananan rubutu.
Can babu 'yallaɓai, yi haƙuri'."

Na yi dariya, na wuce.

Wata uku da dawowata
takardar bashi ta biyo ni har Barnawa,
kan wani tabo a ƙofar baya
da ban duba ba.

Kawu ya karanta, ya miƙo mini,
ya koma ƙarƙashin mota.