Layi na Goma Sha Bakwai

Ƙarfe shida ta gota a La Paz.
Kowa ya tafi, har mai shara.
Saura ni da shayin da ya huce,
da takardu saba'in da uku
masu neman abin da zai ishi tara.

Ni ce mai riƙe da ludayi,
amma tukunyar ba tawa ba ce.
Wasu ne can ƙetaren teku suka hura wuta,
suka ce: Teófila, ki raba,
ki kawo mana rasit.
Shekara takwas ke nan ina auna ilimi da cokali,
ina kankare ƙanzo don ya kai ga na ƙarshe.
Wanda bai samu ba, sunana yake gani a ƙasan wasiƙa.
Zomo ai ba ya fushi da makashinsa
sai da maratayinsa.

Yau rahoton Wilber Ticona ya iso
daga wani ƙauye bayan Sacaca,
da ƙanshin hayaƙi a jikin ambulan.
Alli, daidai. Kwanon rufi, daidai.
Albashin mai koyar da manya da dare, daidai.
Sai layi na goma sha bakwai:
alfadara ɗaya, mai ido guda,
boliviano dubu biyu da ɗari huɗu.
Shaidar ciniki, fallen littafin lissafi
da dangwalen babban yatsa.

Kuɗin benci muka ba shi.
Benci goma sha biyu, na katako, an rubuta.

Wayarsa ba ta kamawa sai ya hau tudu.
Sau biyar na kira, iska ce ta fara amsawa.
Ya ce: ruwa ya ci gada tun Janairu.
Yara goma sha ɗaya na tsallaken kogi,
ƙaramarsu, Nélida, ruwan na kai mata ƙirji.
In na sayi benci, wa zai zauna?
Ƙasa dai muna da ita, muna da fatun tumaki.
Yanzu alfadara na ɗebo su biyu-biyu,
sawu shida kafin a buga ƙararrawa.
Ki duba rajista, in kin ga ƙarya ki karɓe.

Na duba.
Wata uku sunayen nan a bushe kamar fako,
sai ga su daga Afrilu sun tsiro a jere,
kowace safiya da ɗigon biro.

Shafi na tara na yarjejeniya bai san kogi ba.
Cewa ya yi, abin da aka kashe a wata hanya
a mayar da shi, ba daɗi ba ragi.
Ranar Litinin mai binciken kuɗi za ta zo
da jan alƙalaminta da tabarau a kan hanci,
kuma tana da gaskiya:
amana ba a yi mata kwaskwarima.

Da na so, da na rubuta kayan aji,
in rufe fayil, in tafi gida in soya dankali.
Ban yi ba.
Na rubuta alfadara, da sunanta na alfadara,
na liƙa rajista a baya,
na ƙara da cewa takardar da muka tsara
ta tambayi yawan yara,
ba ta tambayi ta ina suke zuwa ba,
kuma ni na tsara ta.

Ko kwamiti zai yarda, ban sani ba.

Kafin waya ta yanke ya yi dariya, ya ce
yara sun raɗa mata suna
da kalmar da suka fi ji a bakina: Rasit.

Fitilun El Alto sun kunnu a kan dutse.
Na jawo wasiƙa ta farko cikin sittin da huɗu.
Muna baƙin cikin sanar da ku.
Na tsaya,
na koma na sake karanta sunan garinsu.