Gidan Lungun Yakasai

Ɗanlami dillali ya karkaɗa mukulli:
shekara tara ba mai kwana ciki.
Kwaɗo ya ƙi, sai da man gyaɗa.

Baba Na'iya magini bai kalli fentin zaure ba.
Ya ɗaga sanda ya ƙwanƙwasa azara,
gari ya zubo masa a hula.
"Gara ta riga ka saye," in ji shi.

Ya shafa gindin bango, tafinsa ya yi fari,
gishirin damina, har gwiwa.
Indararo ya karye, yana zuba a jikin ɗaki.
Ya jefa tsakuwa rijiya, muka kasa kunne,
ba ta ce komai ba.
Murfin shadda ya hana ni takawa.

Ni kuwa ina ta auna inda gadona zai zauna.

Muna fita, wata tsohuwa ta leƙo ta katanga:
"Magada sha ɗaya ne, ɗana.
Ɗaya na Kwatano, bai san ana ciniki ba."

Ɗanlami ya shiga duba agogo.
Baba ya kaɗe hularsa:
"Mu dawo da marka,
mu ga inda ruwa yake kwana."