Gyaran Murya

Gishirin da ake zuba wa titunan Toledo
don ƙanƙara ta saki,
shi ya cinye min salansa.
Hunturu biyar yana lasar ta ta ƙasa, ban sani ba,
sai ran Talata a kan gada
a-kori-kurata ta wage baki,
har direban bas ya leƙo ya ga wa ake yankawa.

Na kai ta garejin Efrain.
Ya kwanta ƙarƙashi, ya tura yatsa,
yatsan ya wuce cikin ƙarfe kamar cikin waina.
Ya fito yana goge hannu, ya nuna bango
inda bututu ke rataye kamar kakaki bayan biki.

Wannan, in ji shi, dala ɗari uku,
za ta kai ka hunturu biyu, uku in kana da addu'a.
Waccan ba ta san tsatsa ba,
ita za ta ga bayan motar,
sai dai kuɗinta hayar wata guda ne.
Na ce araha ba ta ado, na sani,
amma ado ma ba ya biyan mai gida.

Nazifi, ɗana, shekara sha bakwai,
idonsa na kan mai baki biyu, mai ƙyalli.
Baba, a garin nan in ba ka da ƙara
ba wanda ya san ka wuce.
Ya kunna min rurinta a waya.
Na ce zaki a cikin waya kyanwa ne,
kuma wa ya ce maka ina so a san na wuce?
Ni da fatata, da harshena mai karya Turanci,
sau biyu fitila mai shuɗi da ja ta tsai da ni
ba tare da na yi ko tari ba.

Ban faɗa masa sauran ba.
Ƙarfe huɗu da rabi nake fita kwasar tsofaffin firji,
lokacin Madam Odessa ta gidan kusa
ta dawo daga asibiti, ko takalmi ba ta cire ba barci ya ɗauke ta.
Haƙƙin maƙwabci bai san biza ba.

Na yanke: a ba ni wadda ba ta magana sam.

Da dare na gaya wa Larai.
Ta ajiye ludayi, ta daɗe ba ta ce komai ba.
To ni fa? ta ce.
Duk daren da ƙanƙara ta rufe babbar hanya
ina nan bakin taga, kunnena a waje.
Tun daga kwanar shagon Balaraben nan nake jin ka,
sannan numfashina ya sauka.
In ka zo shiru kamar ɓarawo
da me zan san hanya ta mai da min kai?

Mahaifina bai taɓa shiga gida ba gyaran murya.
Daga zaure yake yi, sau ɗaya, can ƙasan maƙoshi,
ba don unguwa ba, don na ciki.

Da safe na koma wurin Efrain.
Na rasa Turancin abin,
sai na dafa ƙirji na yi masa: ehem.
Ya yi dariya har sifana ta faɗi,
ya shiga ciki ya ɗauko wata mai baki ɗaya,
marar tsatsa, marar ƙyalli, biya sau huɗu.

Wutar walda ta mutu, na murɗa makulli.
Nazifi ya taɓe baki: wannan ai muryar tsoho ce.
Na ce hau, tsohon zai kai ka makaranta.

Madam Odessa har yau ba ta san na sauya komai ba.
Jiya na dawo sha ɗaya saura, gilashi duk dusa,
na karyo kwana,
kafin in taka birki
fitilar ƙofa ta kama.