Kuɗin da Ba Ya Haye Gada

Shekarar da bindiga ta fara tari a bayan tsaunin Aragon
azurfa ta shige ƙasa kamar gara.
Kowa ya binne tasa a gindin murhu.
Ka je wa mai burodi da peseta goma,
ku tsaya kuna kallon juna, babu canji.

Dattawan gari suka zauna a ajin makaranta
bisa bencin yara, gwiwa na taɓa haɓa.
Suka ce, Fulgencio, kai ne magatakarda,
hannunka ya faɗa. Yi mana kuɗi.

Da me?
Da kwalin takalma na shagon Remedios,
da almakashin tela,
da hatimin da muke buga wa takardar haihuwa.
Dare goma sha ɗaya ina sa hannu a gaban fitila
har ɗan yatsana ya yi kanta.
Na zana zaitun ɗin bakin rijiya,
ya fito kamar tsintsiya.
Aka yi dariya, aka karɓa.

Kwali ya sayi gishiri, ya sayi mai,
ya sallami ungozoma daren da aka haifi Amparo.
Gumi ya tausasa shi kamar tsohuwar fata.
Amma iyakarsa gada.
Ka haye kogi, ya koma kwalin takalma,
don na ƙetare ma sun yanka nasu.

Ranar da yaƙi ya ƙare, ba mu muka ci ba.
Wani hafsa ya hau matakalar coci ya karanta:
kuɗinku shara ne,
kuma wanda ya sa hannu, ana nemansa.
Ga sunana a aljihun kowa,
har ƙarƙashin matashin gwauruwa.

Daren nan ban runtsa ba.
Na leƙa taga: babu sanyi, babu girki,
amma kowane gida na fitar da hayaƙi.
Guzurin shekara biyu suke ƙonawa,
babu wanda ya shawarci wani.
Da safe hafsa ya bi gida gida,
toka kawai ya samu.

Guda ɗaya ya tsira.
Remedios ta toshe hujin takalmina da shi.
Shekara nawa ina taka sunana,
ruwa bai shiga ba.
Da shi na haye gadar.