Ta Ji da Ido

A gidan wankin asibiti, bayan tashar jiragen ruwan Rotterdam,
injuna goma sha huɗu ke ruri tun shida na safe.
Kowa da toshiyar roba a kunne.
Duk kurame ne mu a wurin,
amma mutum ɗaya aka laƙaba wa sunan.

Marjolein.
Shekara tara tana ninke zannuwa a layi na uku,
ba ta taɓa haɗa na yara da na ɗakin tiyata ba.
Koos, shugaban layinmu, bai taɓa kiran sunanta ba.
"Ina bebiyar nan?" "Ku taɓo mini kututturen can."
Yakan tsaya a bayanta ya kurma ihu, ya jira dariya.
Mukan ba shi.
Ni har da riƙe ciki,
don shi ke rubuta wanda zai huta ranar Asabar.

Wata Talata ana yayyafi,
keken kaya ya kuɓuce wa Delano,
tawul ɗari biyu suka kwanta cikin ruwan sabulu.
Koos ya karkato wajena ya faɗi kalmar.
Ba zan rubuta ta ba.
Kalma ce da ta ƙetare teku da mari a ƙafa,
da ita aka kira kakannin Delano a gonakin raken Suriname,
ta tsufa, ta ƙi mutuwa.
Inji ya haɗiye sautin. Delano na durƙushe, bai ji ba.
Ni na ji.
Na sunkuya, na gyara safar hannu.

Taku ashirin daga nan
Marjolein ta ajiye zanen da ke hannunta.
Ta karance leɓensa tas, kamar allon tashar jirgi.

Ranar Alhamis aka tara mu a ofis.
Ta zo da tafinta, da ɗan littafi mai koren bango:
kwanan wata, ƙarfe nawa, abin da aka ce,
wanda ya yi dariya.
Sunana ya fito sau talatin da ɗaya.

Koos ya ce wasa ne. Ya ce kowa na yi.
Ya ce yaya wadda ba ta ji
za ta ba da shaidar magana?
Tafinta ya mayar da wannan ma zuwa yatsu.
Marjolein ta dube shi, ta buɗe littafin,
ta duba agogo, ta rubuta.

Matar ofis ta juyo: kai fa, ka ji?
Yawu ya ƙafe a bakina.
Na ce na ji.

Shekara ashirin da shida suka shige leda guda:
kofin shayi, takalmin aiki, hoton jikarsa a kan keke.
Baki ya yanka wuya,
amma ban ga jini ba, tsoho na gani a bakin titi
yana laluben katin bas, hannu na rawa.
Ni aka ba ni takardar gargaɗi
da yammaci uku a aji, ana koya mini abin da na riga na sani.

Delano a takarda ya fara ganin kalmar,
an buga ta da inji, an ja mata layi.
Mako biyu ya ƙara, ya ajiye aiki.
A ƙofa na miƙa hannu. Ya kalli hannun.
Ya ce, "Koos na san shi tuntuni.
Kai ne muke cin abincin rana tare."

Yanzu layin ya yi tsit, ko da injuna na ruri.
Jiya na je wajen Marjolein da ɗan guntun takarda:
yaya ake cewa a yi haƙuri da hannu?
Ta nuna mini. Na gwada.
Ta gyara mini babban yatsa, sau biyu,
ta jinjina kai cewa yanzu na iya,
ta koma kan zannuwanta.
Yadda ake cewa na yafe, wannan ba ta nuna mini ba.