Abin da Karaya Ta Nuna

Ramar Kwalkwalawa na sayo, dami guda,
na jiƙa ta kwana tara har maƙwabta suka yi magana,
na sheme, na shanya, na sa almakashi
na daddatse ta tsawon ƙwayar shinkafa biyu.
Can gefe ga zaren gilashi cikin kwalinsa,
fari fat, baƙo ne daga hayin teku,
in ya taɓa ka sai ka kwana susa.

Roba ita kaɗai raguwa ce.
Narka ta, zuba ta, ta daskare tana ƙyalli,
aza mata nauyi, ta ce ƙas.
Sai an ba ta jijiya.

Na zuba gilashi a wani gwangwani, rama a wani,
na kai su bakin injin da ke ja har a rabu.
Gilashi ya daɗe yana gardama,
allura ta hau, ta hau,
sannan ya fashe gaba ɗaya, ba sallama.
Rama ba ta kai rabinsa ba.
Amma da na kai karayar gaban taga
sai ga ramuka ƙanana awa na tururuwa:
zaren bai tsinke ba, zamewa ya yi.
Ashe ba ƙarfi ta rasa ba,
riƙo ne babu.

Nan na tuna Nomau, mahaifina,
yana cuɗa ƙasa da ramno a Dundaye,
laka har gwiwa, yana ce wa yaransa
in ciyawa ta yi tsawo za ta dunƙule,
in ta gajarce kamar ba a sa ba.
Bai taɓa ganin injin nan ba.
Katangarsa ta ga damina talatin da ɗaya.

Na koma na wanke rama da ruwan soda
har santsinta ya fita, ta yi kaushi.
Wannan karon robar ta cije ta,
allura ta wuce inda ta tsaya jiya.

Har yanzu tana da aibinta.
Bar ta a ruwa, za ta sha ta kumbura,
jininta na fadama ne.
Gilashi ba ya sha, ba ya ruɓewa,
jikokina za su tono shi a juji yadda na bar shi.

Luba ta leƙo, ta ce an ɗauke wuta,
wanne za ta rubuta ya ci?
Na ce rubuta lambobin dai.
Ɗaya na hannun dama, ya yi mini nauyi.
Ɗayan na sa a jaka,
zan kai Dundaye ranar Juma'a.