Igiyar Awo

A Tizimín, gabashin Yucatán,
inda rana ke gasa kwanon rufi tun da hantsi,
yau na rataye farar rigata rataya ta ƙarshe.
Shekara talatin da ɗaya. Ƙusar ma ta yi tsatsa.

Mahaifina, Anselmo Dzul, mai burodi ne.
Ƙarfe uku na dare yake tashi,
ya kwaɓa fulawa da kitse da sukari,
ya kora da lemon kwalba,
ƙishirwa kuwa ba ta taɓa sakinsa ba.
Tururuwa kan yi layi inda ya kama ruwa,
mu yara muna dariya.
Yana da arba'in da tara ya dafe ƙirji a bakin tanda,
ya ce, "Noemí, fitar da burodin kada ya ƙone."
Na fitar.
Bai ƙone ba.

A babban birni na koyi zura siririyar waya
ta jijiyar hannu har cikin zuciya,
in buɗe hanyar da maiƙo ya toshe.
Ana tafa mini. Hannuna ba ya rawa.
Sai dai fuskokin nan su suke dawowa,
bayan shekara biyu, bayan uku,
na zama mai kwalfe ruwa a ɗaki
alhali rufin ne ke yoyo.

Na tattara na koma gida.
Abokan aiki suka ce na bar gari na kama daji.

Kayan aikina ba su cika jaka ba:
abin sauraron ƙirji, allurar tsaga yatsa,
da igiyar awon mahaifiyata tela, rawaya.
Da ita nake zagaye ƙugun mutane
in karanta musu abin da ke tafe
tun bai ɗaura takalmi ba.

Feliciana Pech, mai wainar masara a bakin kasuwa,
santimita ɗari da goma sha biyu.
Ta ce, "Likita, ƙiba ai rufin asiri ce,
so kike a ce mijina ya gaza?"
Shekara goma sha ɗaya muna ja-in-ja.
Ban hana ta waina ba, wa ya isa?
Kwalba na roƙa, ɗaya-ɗaya,
sai zagayen dandalin coci da asuba.
Mu bakwai muka fara, karnuka na binmu,
maza na kan benci suna ƙirga mu da shewa.
Da damina ta zagayo mun kai arba'in,
har da biyu daga cikin masu shewar.

Ba duka na ci ba.
Wilberth Canul, direban tasi,
yana ɓoye ƙwayoyinsa ƙarƙashin kujera.
Sukari ya fara karɓar yatsa, ya karɓi ƙafa,
zuciya ta biya ragowar bashin.
A gidan makoki aka miƙo mini lemon kwalba mai raɓa.
Na karɓa. Na shanye.
Ba a wa'azi a kan gawa.

Wanda ya kashe gobara shi ake yi wa kirari.
Wanda ya ɗauke ashana daga hannun yaro,
wa ya san sunansa?
Ladana ranakun Talata ne da ba abin da ya faru:
wani ya ci abinci, ya yi faɗa da surukinsa,
ya kwanta, ya tashi.

Jiya Feliciana ta zo, saba'in da takwas,
da ƙunshin ganyen chaya da ƙorafin gwiwa.
Ta dube ni sama da ƙasa ta ce,
"Ke ma fa kin fara ajiye tumbi."
Gaskiyarta. Jinin Anselmo ba ya mantuwa,
na ga lambar da idona makon jiya.

Sabon likitan yaro ne, Efraín Cauich,
ya zo da na'ura mai zana zuciya a allo.
Na danƙa masa igiyar duk da haka.
Ya juya ta, ya ce lambobin sun goge
daga casa'in zuwa ɗari da goma.
Na ce, nan ne babban yatsana ya zauna.
Sayi sabuwa, amma nan za ka riƙe.